Idon Yaya da Faifai Biyu

Ranar da anka yi wa Yaya sutura tabarmin gidanmu ba su isa ba, sai da anka aro na masallaci. Mutanen kara, kasuwar shanu, sun zo da sandunansu. Mahauta sun rufe tukuba tun da hantsi, abin da ko ranar Salla ban taɓa gani ba a Talata Mafara. An zo daga Bakura, an zo daga Maradun, mutanen Faru sun taho goye da juna bisa babura, ƙafafunsu duk laka.

"Ya haƙuri, Auta?"

"Haƙuri da godiya."

"Ashe dattijo lokaci ya yi."

"Lokaci ya yi."

"Allah shi jiƙan shi, shi sa can ta fi mishi nan."

Ni ne Autan. Gemuna ya yi fari fat, haƙoran gaba sun yi ritaya, jikoki na hawa wuyana, amma tunda ni anka haifa ƙarshe a ɗakinmu, Auta nike har kabari.

Kowa ya zauna sai ya faɗi abin da ya sani. Wani tsohon mahauci ya ce Yaya bai taɓa turo musu dabba mai ciwo ba tare da ya faɗa ba. Wani manomi daga Tsibiri ya ce shekarar da shanu sunka cinye masa dawa, har ya wasa adda, Yaya ne ya bi shi gona ya zauna bisa kunya yana ba shi labarin banza har zuciyarsa ta huce, sa'an nan anka yi sulhu. Ana cikin haka wani direban tirela ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah shi gafarta wa mai kallon kaboyi." Dariya ta kufce wa rabin zauren. Liman ya yi gyaran murya, amma na ga kafaɗarsa na rawa.

Wannan dariya ita ta sa na ɗauki biro. Boko dai aji uku na yi, ni da malaminmu munka duba munka ga rabuwa ta fi mana alheri. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake. Ina dai tsoron a wayi gari ba wanda ya san dalilin dariyar, alhali a cikinta rabin halin Yaya yake.

Yaya dillalin shanu ne, kamar tsohonmu. Jarinsa idonsa. Ba ya fara taɓa dabba. Sai ya tsaya nesa, ya rataya sanda a kafaɗa, ya ce, "Kora ta in ga tafiyarta." Kafin saniya ta kai bakin shinge ya san shekarunta, ya san ko ta sha wahalar rani, ya san ƙafar da take ɓoyewa. Yana da doka guda da ba ya karyawa: ba a faɗin aibin dabba a gaban taro. In ya ga abu, sai ya kama hannun mai ita ya ja shi bayan mota, su yi ƙus-ƙus, su dawo suna dariya kamar zancen aure sunka yi. Ni ya so ya koya mini sana'ar. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya gani. Daga baya ya ce in riƙa tsare masa inuwa kar wani ya zauna, kuma wannan aikin na iya shi ƙwarai.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba sai daga baya, Yaya na da fim guda a duniya. Yana saurayi, sun kai shanu Gusau, abokai sunka ja shi silima, anka nuna wani fim na kaboyi. Bai ji Turanci ba, bai san wa ya harbe wa ba, bai kuma damu ba. Abin da ya gani shi ne garke na ƙetare kogi, wani farin sa a gaba, ruwa iya wuya, makiyaya bisa dawaki suna ihu. Ya dawo da wannan sa a kansa, bai sauke shi ba har tsufa. In ana fira ta yi daɗi sai ka ji, "Wanga sa, Auta, ba shi da tozo ko kaɗan, amma ƙirji..." Na ji labarinsa har na ce masa ko kashinsa na gani a hanya zan shaida shi.

To, sai wata shekara Yaya ya daina zuwa kara. Ya ce gwiwa ce. Ran Talata gari ya cika, motoci na sauke shanu, shi ko yana zaure ya miƙe ƙafa yana shafa man zafi. Masu neman sa su zo, ya tura su wajen wasu. Duk munka yarda da gwiwar. Matarsa har jiƙo ta yi ta dafa masa, yana sha yana yamutsa fuska.

Babban ɗansa, mai shagon waya a bakin tasha, ya ga uban na ramewa da zaman banza. Ya yi ta bincike a waya da ɗan bayanin kogi da farin sa har ya gano fim ɗin, ya sa wani abokinsa da ke Ingila ya aiko da faifan, irin na zamani mai hoto tangaran, wai shi bulure. Surukin Yaya kuma, mijin ɗiyarsa, wanda ke jan tirelar shanu zuwa Legas, ya ji labari wajen matarsa. Bai ce wa kowa komai ba, ya shiga babbar kasuwar kayan wuta a can ya tono nasa. Fim ɗaya ne, amma na ɗan bugun Ingila, na surukin bugun Amurka. Sunka iso gida cikin hidimar Salla guda, kowa na murmushi yana harar ledar ɗan'uwansa.

Injin kunna faifan da ɗan ya saya ma sai ya ƙi cin na Amurka, wai kowane yanki da nasa makulli. Surukin ya ce makirci ne. Sai da anka kai injin Gusau wani mai gyara ya buɗe masa baki, ya dawo yana cin kowane.

Bayan la'asar, sola ta cika batir, anka kafa talabijin a zaure. Yaya ya jawo buzunsa har gindin gilashin, munka ce ɗoki ne. Anka fara sa na Ingila. Ni dai ban taɓa ganin hoto haka ba. Ƙasa ja kamar ta bakin gulbi, rana irin tamu mai ɗan rawaya, farin san kuwa fari irin na bunaji, da ɗan dattin tafiya a cinya. Hoton na da wani ɗan tsaki-tsaki da ke motsi kamar garin gero cikin hasken taga, ɗan ya ce haka anka ɗauko shi tun asali. Kana ganin gashin wuyan sa, kana ganin ƙudajen da ke bin idonsa.

Anka sa na Amurka. Haske ya fi yawa, ba tsakin nan, komai sumul. Fuskokin kaboyin kamar an shafe su da man kaɗanya. Amma duk duniyar ta yi shuɗi-shuɗi, san ya koma kamar rigar da anka cika wa bula.

Yaya ya buga cinya. "Wanga shi ne! Ga farin sa nan yadda na san shi. Wancan na farko an shanya shi cikin hayaƙi, kamar kilishin da ya kwana biyu."

Ɗan ya ce, "Baba, wannan fa shuɗi ne."

"Ni za ka gwada wa farin sa? Tun ba a yi zancen auren uwarka ba nike kallon shanu."

Surukin kansa ya san nasa ya yi shuɗi, amma wa zai ƙi nasara? Ya sunkuyar da kai yana murmushin ladabi. Ɗan ya naɗe wayoyinsa ya fita. Ya ɗauka uban ya zaɓi bare ne don ya kunyata shi, ya daina zuwa cin tuwo a zaure. Ni kuwa, da yake Allah bai hore mini sana'a ba sai hura wuta, in na je shagon ɗan in ce, "Ai Legas ta fi Ingila, tsoho ya yanke." In na gamu da surukin in ce, "An ce bula ka sayo mana." Matar Yaya ta kama ni wata rana ta ce, "Auta, in ba ka bar haɗa 'ya'yana ba, tuwonka zai koma na marasa miya." Na ce mata ai mijinta na biyu ba a yi masa haka, ta bi ni da muciya.

Ni na kawo shawarar a kira alƙali, ba don sulhu ba, don in sha kallo. Ido ɗaya Yaya ke girmamawa bayan nasa, na amininsa, wani dattijon Bafillace daga wajen Damaga, wanda tun suna samari ba ya sayar da ko maraƙi sai ta hannun Yaya. Mutumin bai taɓa zama gaban talabijin ba. Na so in ga yadda zai yi in dawaki sunka nufo shi.

Ya zo ran kasuwa. Sunka gaisa, gida da ruga da shanu da ruwa da ciyawa, har na fara gyangyaɗi. Anka sa masa faifan farko, anka sa na biyu. Ko gezau bai yi ba. Na lura ma rabin lokacin ba gilashin yake kallo ba, Yaya yake kallo, yadda ya matso, yadda yake karkata kai.

Yaya ya ce, "To, Bahillace, faɗa musu."

Aminin ya miƙe ya gyara malfarsa. "Kaɗo, taso mu zaga."

Ya kama hannunsa ya ja shi bayan rumbu. Ni ma fitsari ya kama ni daidai lokacin, na laɓe jikin danga. Sai na ga ya juya fuskar Yaya wajen rana, ya sa babban yatsa ya ja fatar idonsa ƙasa, ya leƙa, ya koma ɗayan, daidai yadda ake yi wa saniya a kara.

"Tun yaushe?"

"Mi?"

"Yanar ido ce ta rufe maka su duka biyu. Tun yaushe?"

"Gwiwa ce ke damuna."

"Kaɗo, da sa nawa ne haka, da ka ja ni bayan mota ka faɗa mini. Ni ma ga shi na jawo ka."

Yaya ya janye fuskarsa. Can ya ce, a hankali, "Ka san abin da anka yi wa tsohonmu."

Na sani, ni ma. Muna yara irin wannan yanar ta kama idon Baba. Wani mai yawo kasuwa-kasuwa da allura ya ce zai ture ta, anka riƙe Baba a rumfa ya soke masa ido biyu rana guda. Ya ga haske kwana kaɗan, daga nan idon ya kumbura, ya mutu ɗungum. Yaya ne ya ja masa sanda har ƙarshen ransa, yana kai shi kara ya zaunar, mutanen da da ke rububin ra'ayinsa suna wucewa suna ce masa sannu. Yaya bai taɓa zancen ba, ashe kullum yana tare da shi.

"Hayaƙin da nike gani ya ishe ni," in ji Yaya. "Ba ni kai idona a soke."

"Yanzu asibiti ake yi, ba rumfa ba."

"Ba ni zuwa."

Aminin ya ce, "To. Ina da bijimai da nike so in fitar, gero ya kusa ƙarewa a ruga. Ba ni kai su hannun kowa. Suna nan sai ka duba su."

"Kai wa Auta."

"Auta? Auta bai rarrabe sa da jaki sai sun yi kuka."

Na so in fito in kare kaina, na tuna a laɓe nike.

Da sunka dawo zaure, aminin ya ce shi bai ga bambanci ba, duk shanun Turawa ne marasa tozo. Ya rufa wa Yaya asiri, ya tafi.

Daga nan kowace Talata sai ga shi, hannu rabbana, ba ko akuya. Ya gaisa, ya sha fura, ya zauna shiru, la'asar ta yi ya koma. Damina ta yi nisa, lokacin da hatsi ke wuya. Yaya ya aika masa da buhun gero bisa babur. Washegari buhun ya dawo da saƙo: shi ba mabaraci ba ne, yana da shanu, dillali ne ba shi da. Ranar Yaya bai ci tuwo ba. Ya san akwai mata da yara a rugar, ya kuma san taurin kan mutumin, don irin nasa ne.

Da safe ya aika a kira ɗansa da surukinsa tare. Ya faɗa musu da bakinsa cewa ba gwiwa ba ce. Ɗan ya zauna daɓas a ƙasa, ya rufe fuska da hula. Yaya ya ce, "Za ni, amma da sharaɗi. Ido ɗaya za a taɓa. In ya lalace ina da sauran guda." Munka ɗunguma Sakkwato, ɗan na tuƙi, surukin na gefensa yana koya masa tuƙi. Likita ya ce ai dama ɗaya-ɗaya suke yi. Har ya bar duniya Yaya na gaya wa mutane likitan shawararsa ya bi.

Kafin a shiga da shi ya riƙe hannuna, tafinsa sharkaf da zufa. Mutumin da ke kama ƙahon bijimi. Ya ce, "Auta, in abin ya ɓaci, kai za ka ja ni." Na ce masa ni ko kaina ban iya ja ba, gara ya warke. Ya yi 'yar dariya, anka tura shi.

Da anka cire bandejin ya yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba. Ya dubi bango, ya dubi tafin hannunsa, ya juyo kaina ya ƙura mini ido.

"Auta, wa ya yi maka haka?"

"Mi anka yi mini?"

"Tsufa. Subhanallahi. Ashe rufin asiri yanar nan ke yi maka."

A gida ya dubi matarsa ya ce wa ya saya mata wanga zane mai ihu. Ta ce, "Kai, da Salla. Ka ce ruwan ƙasa ne."

Da likita ya yarda ya kalli haske, shi da kansa ya ce a kafa talabijin, ya koma can jikin bango ya zauna. Anka sa na Amurka. Ya rufe sabon idon da tafi, ya ce, "Fari." Ya rufe tsohon, ya yi tsaki. "Wa ya tsoma shi a marina?" Ya yi ta yi, dama, hagu, dama, hagu, kamar yaro. Ashe yanar rawaya take zuba wa komai, shi ya sa mai shuɗin ya yi masa daidai, mai kyan kuma ya koma masa hayaƙi.

Anka sa na Ingila, garke ya shiga ruwa. Sai ya miƙe tsaye. "Tsaya! Mayar baya. Maraƙi! Ga maraƙi can gefen hagu yana bin uwatai, ruwa na jan shi." Duk kallon da munka yi ba wanda ya lura. Anka mayar da na Amurka daidai wurin, babu maraƙi, an datse gefen hoton, sai jelar uwar kaɗai. Ran Yaya ya ɓaci da gaske. "Su yanke kaboyi guda mana, ga su nan birjik ba aikin da suke. Sai maraƙi?" Bai zauna ba sai da ya ga ɗan maraƙin ya taka tudu a bugun Ingila.

Bai ba ɗansa haƙuri a gabanmu ba. Hannunsa ya kama sunka zaga bayan rumbu, wannan karon matar Yaya ta tsare ni da ido, fitsarin ya koma. Surukin kuwa, Yaya ya ce masa, "Kar ka damu, idon hagu har yanzu naka ne." Bayan kaka anka gyara na hagun, surukin ya rasa magoyin bayansa na ƙarshe.

Talatar da ya koma kara, aminin ya koro bijimansa tun da sassafe. Yaya ya tsaya nesa, sanda a kafaɗa, ya ce a kora su. Ya duba, ya duba, ya ce, "Bahillace, ka bar su sun rame." Aminin ya ce, "Wa ya jawo?" Kafin azahar an sayar, buhunan gero sun hau mota. Ya ƙara shekaru masu albarka a kara bayan wannan, ni kuma na koma aikina na tsaron inuwa.

Ciwon ajali bai daɗe masa ba. Talatarsa ta ƙarshe ya ce a fitar da shi ƙofar gida, munka jingina shi da filo. Ana ta wucewa da shanu zuwa kara. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai, sai ya ja rigata.

"Kira mini mai jar saniyar can ta baya."

Na kira shi, wani magidanci ne da ba mu sani ba. Yaya ya sa ya durƙuso har kunnensa ya zo daidai bakinsa, don akwai mutane a wurin. Ni da ke riƙe da filon na ji.

"Ina za ka da ita?"

"Mahauta, Baba."

"Tana da ciki."

"Ƙoshi ne, Baba, jiya ta sha dusa."

"Dubi yadda take aje ƙafar baya. Mai da ta gida. In buƙata ce ta matsa, ga ɗan bijimin can, shi za ka fitar."

Mutumin ya dubi saniyar, ya dubi Yaya, ya shafa cikinta ya daɗe. Sa'an nan ya ware ta daga garken, ya ba ɗan'uwansa sauran, ya juya da ita hanyar da sunka fito. Munka bi su da kallo. Ni tun wajen gidan mai sunka narke mini cikin jama'a, na ce sun ɓace.

"Ba su ɓace ba," in ji Yaya. "Ga ta can za ta sha kwana. Ina ganinta."

Kafin wata Talatar ta zagayo ya koma ga Mahaliccinsa, ba wanda ya taɓa ja masa sanda.

Ya Allah, kai ka mayar masa da ganinsa a duniya bayan ya fid da rai. Ka haskaka masa kabarinsa, ka yafe masa, ka haɗa shi da tsohonmu a inda ba mai laluben hanya. Mu da munka rage, ka sa mu cika da imani.